An Kore Ni Daga Aiki a Amurka, An Kuma Hana Ni Kuɗin Rashin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na 'yan'uwa ne masu aiki a Amurka, irin su masu gadi, masu kula da tsofaffi a gida, ma'aikatan sito da masana'anta, direbobi da masu kai saƙo, waɗanda aka sallama daga aiki, suka nemi kuɗin rashin aiki, wato kuɗin da jiha ke biyan wanda ya rasa aikinsa, sai takarda ta zo cewa ba su cancanta ba domin da laifinsu aka kore su. Kowace jiha da dokarta. Mun fi kawo misali da New York saboda yawan masu jin Hausa a Bronx da Harlem, amma inda wata jiha ta bambanta ƙwarai za mu faɗa.

Kamfani ya ce laifina ne, Ma'aikatar Ƙwadago ta yarda da shi. Magana ta ƙare ke nan?

Ba ta ƙare ba. Takardar da ta zo maka hukuncin ma'aikacin ofis ne, wanda galibi bai ga kowa ido da ido ba. Ya karanta abin da ka cika, ya karanta abin da kamfani ya aiko, wataƙila ya kira ka a waya na 'yan mintuna, ya yanke. Ba wanda ya yi rantsuwa, ba wanda aka ƙure da tambaya. Idan ka ɗaukaka ƙara, maganar za ta je gaban alƙalin sauraron ƙorafi, wanda zai saurare ta daga tushe, ba tare da hukuncin farko ya ɗaure masa hannu ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne haɗa abu biyu da doka ta raba. A kusan duk jihohin Amurka, ban da Montana, kamfani na iya sallamar ma'aikacin da ba shi da kwantiragi ko kariyar ƙungiyar ƙwadago a duk lokacin da ya ga dama, muddin ba don wariya ko ramuwar gayya ba. Alƙalin ba zai binciki ko kamfani na da ikon korarka ba. Abin da zai bincika shi ne ko abin da ka yi ya kai laifin ganganci da doka ta ce yana hana kuɗin. Sau da yawa kora tana halatta, kuma kuɗin ma ya halatta.

To wane irin laifi ne yake hana kuɗin?

Ma'aunin da jihohi da yawa suka ɗauka ya fito ne daga wata shari'a da Kotun Ƙolin jihar Wisconsin ta yanke a 1941, tsakanin kamfanin tasi na Boynton da wani direbansa. Kotun ta ce laifin da ke hana kuɗi shi ne wanda ma'aikaci ya yi watsi da maslahar kamfani da gangan, ko ya karya ƙa'idar da ya sani, ko sakacinsa ya yi yawa ya maimaitu har ya zama kamar ganganci. Ta kuma fitar da wasu abubuwa daga ciki: rashin ƙwarewa, kasawa saboda aikin ya fi ƙarfin mutum, kuskure na lokaci ɗaya, da shawarar da mutum ya yanke da zuciya ɗaya ta zo ba daidai ba.

A aikace, sata, faɗa da duka a wurin aiki, zuwa aiki a buge, buga wa abokin aiki katin shiga alhali bai zo ba, rubuta awannin da ba a yi ba, ƙin bin umarni mai ma'ana bayan an yi gargaɗi, duk waɗannan suna hanawa idan an tabbatar da su. Amma ma'aikacin sito da bai kai adadin kwalayen da ake so a awa ba duk da ƙoƙarinsa, ko mai karɓar kuɗi da lissafinta ya yi giɓin dala 20 sau ɗaya, ko wanda Turancinsa bai gamsar da manaja ba, waɗannan kasawa ce, kuma kasawa ba ta hana kuɗi.

Wasu jihohi sun tsaurara. Florida ta faɗaɗa ma'anar laifin a 2011, har ya zama karya ƙa'idar kamfani kawai na iya wadatarwa, sai dai in ma'aikaci ya nuna bai san ƙa'idar ba kuma ba yadda zai sani, ko ƙa'idar ba ta da alaƙa da aiki, ko ba kowa ake yi wa aiki da ita ba. Saboda haka ka duba sashen dokar da aka ambata a takardarka, ka karanta shi.

Kwana nawa nake da su?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. A New York kwana 30 ne. Kalifoniya ma 30. Pennsylvania 21, Florida 20, Texas 14 kacal. Ana fara ƙirga ne daga ranar da ke jikin takardar, wato ranar da aka aiko ta, ko da ba ka buɗe akwatin wasiƙa ba sai bayan mako guda, kuma Asabar da Lahadi suna cikin lissafi.

Mutanenmu da yawa a nan suke faɗuwa, ba a gaban alƙali ba. Wani ya sauya ɗaki bai sauya adireshi a shafin ma'aikatar ba. Wani yana amfani da adireshin ɗan'uwa, wasiƙar ta kwanta a kan firij. Wani kuma ya zaɓi a riƙa aiko masa saƙo ta akwatin intanet na ma'aikatar, bai taɓa leƙawa ba. Idan wa'adi ya wuce, duk da haka ka shigar da ƙarar, ka rubuta dalilin jinkirin, ka haɗa da shaida kamar takardar kwanciya asibiti. Amma "ban gane Turancin ba" ko "ina jiran in samu lauya" ba kasafai suke karɓuwa ba.

Me zan rubuta a takardar ɗaukaka ƙara?

Kaɗan. Sunanka, adireshinka, lambar da takardar ta ce a saka, ranar hukuncin, sai jumla biyu: ban yarda da wannan hukunci ba, ban aikata laifin da ke hana kuɗi ba, ina neman a saurare ni. Idan kana buƙatar tafinta, ka rubuta a nan, ka ambaci Hausa. A Kalifoniya akwai fom mai lamba DE 1000M, amma wasiƙa ma tana yi.

Kada ka zauna ka cika shafi uku da tarihin zamanka da manaja. Duk abin da ka rubuta zai shiga fayil, wakilin kamfani zai karanta, kuma idan bakinka ya saɓa da shi ranar zama, da shi za a ƙure ka. Ka ajiye shaidar aikawa: rasiɗin gidan waya, takardar da na'urar faks ta fitar, ko hoton shafin da ya nuna an karɓa.

Tunda ba a biyana, sai in daina rajistar mako-mako har a gama?

A'a, kada ka daina rajistar da ake yi kowane mako don neman kuɗin makon, ko da mako ɗaya. Idan ka yi nasara, makonnin da ka yi wa rajista kaɗai za a biya ka. Mutum zai iya cin shari'a bayan wata biyu ya tarar ba abin da zai karɓa saboda ya daina. Ka ci gaba da neman aiki kana rubutawa: rana, sunan wurin, yadda ka nema, abin da aka ce. New York tana son a yi ayyukan neman aiki uku a kowane mako. Idan ka samu ɗan aikin wucin gadi, ko na kwana ɗaya ne, ka faɗa a rajistar makon da ka yi shi, kada ka jira sai an biya ka.

Me ya sa kamfani yake faɗa da ni a kan kuɗin da ba daga aljihunsa za su fito ba?

Daga aljihunsa suke fitowa, ta bayan gida. Tsarin ya samo asali daga dokar tarayya ta 1935, kuma harajin da kamfanoni ke biya ne yake cika asusun. A jihohi uku kaɗai, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, ake cire ɗan wani abu daga albashin ma'aikaci. Yawan harajin kowane kamfani ya danganta da yawan tsofaffin ma'aikatansa da suka karɓi kuɗin. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ɗaukar wasu kamfanoni na musamman, irin su Equifax, su riƙa amsa musu waɗannan takardu. Wannan yana da amfani gare ka ta wata fuska: wanda ya rubuta wa ma'aikata cewa ka yi laifi sau da yawa bai taɓa ganinka ba, daga fayil ya kwafa.

A kan wa nauyin kawo hujja yake?

Idan kora ce, a kan kamfani yake. Kalifoniya ma ta rubuta a sashe na 1256 na dokarta cewa ana ɗauka ba don laifi aka sallami mutum ba har sai kamfani ya kawo abin da zai rushe wannan. Abin da alƙali yake nema daga kamfani kusan guda huɗu ne: akwai ƙa'ida ko umarni mai ma'ana, ka san da shi, ka karya shi da saninka, kuma wannan karyawar ce ta jawo korar.

Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. Alƙali yana kallon abin da ya faru na ƙarshe kafin kora. A ce kana da gargaɗi uku na makara a bara, amma ranar da aka kore ka jirgin ƙasa ne ya tsaya a rami na minti 40, ka kuma aika wa shugaban sashenka saƙo tun kana ciki. Gargaɗin baya ba zai mai da wannan ranar ganganci ba. Haka kuma idan abin ya faru a watan Maris, kamfani ya sani ya yi shiru, sai a watan Yuni bayan ka nemi kuɗin ƙarin awanni aka tuno da shi, ka nuna wa alƙali wannan tazarar.

Sai maganar shaidar "an ce". A wannan zama ana karɓar ta, ba kamar babbar kotu ba, amma nauyinta bai kai na wanda ya gani da ido ya yi rantsuwa ba. Idan jami'ar kula da ma'aikata ce kaɗai ta zo tana cewa wani kwastoma ya ce ka zage shi, kai kuma ka rantse ba ka yi ba, kuma bayaninka ya tsaya daram, alƙali na da damar fifita naka. Tambayar da za ka yi mata mai sauƙi ce: kina wurin lokacin da abin ya faru?

Na je gida hutu, na ƙara kwanaki, na dawo na tarar an kore ni. Ina da mafita?

Wannan ya yi yawa a cikinmu, kuma gaskiya shari'a ce mai wuya. Wanda aka ba mako uku, ya sayi tikitin dawowa na mako biyar tun kafin ya tafi, ya riga ya rubuta wa kamfani hujja da hannunsa, domin alƙali zai iya neman ganin tikitin. Wasu jihohi ma ba za su ɗauke ta kora ba, za su ce kai ka bar aikin, nauyin hujja ya dawo kanka.

Abin da ke ceton mutum shi ne dalilin da ya fi ƙarfinsa, haɗe da sanarwa a kan lokaci. An soke jirgi: kawo saƙon kamfanin jirgin. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai a Kano ko Kumasi ko Yamai: kawo takardar asibiti mai kwanan wata da hatimi, idan da Faransanci take a fassara ta. Mahaifiya ta shiga mawuyacin hali: kawo takardar likita, da saƙonnin WhatsApp ko imel da ka tura wa manaja kafin ranar da ya kamata ka koma. Wanda ya yi shiru sai da ya sauka filin jirgi, ko dalilinsa na gaskiya ne, ya raunana kansa.

Ka kuma duba ko dokar hutun iyali da jinya ta tarayya, ta 1993, ta shafe ka. Tana ba da hutu har mako 12 ba albashi don jinyar kai, ko ta iyaye, mata ko miji, ko 'ya'ya, ga wanda ya yi wata 12 da awa 1,250 a kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye. Ba ta shafi biki ba, kuma zaman makoki ma ba ya cikinta.

An kore ni saboda fita sallar Juma'a. Wannan laifi ne a doka?

A nan kana da ƙafa mai ƙarfi. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Sherbert cewa jiha ba za ta hana wata mata kuɗin rashin aiki don ta ƙi aikin Asabar saboda addininta ba. A 1987 kuma aka yi shari'ar Hobbie, wadda ta fi kama da taka: wata ma'aikaciyar shagon kayan ado a Florida ta shiga ɗariƙar Kirista da ke hutun Asabar, ta ce ba za ta iya aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar ba, aka kore ta, jiha ta ce laifi ne ta hana ta kuɗi, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Ƙa'idar ba ta Kirista kaɗai ba ce.

Sai dai yadda ka bi da lamarin yana da tasiri. Wanda ya rubuta wa manaja tun farko cewa yana buƙatar awa ɗaya ranar Juma'a, ya ce zai rama ko zai yi musanya da abokin aiki, ya bambanta da mai gadin da ya bar ƙofa ba kowa bai gaya wa kowa ba. Na biyun za a ce ba sallar ce ta jawo ba, barin wurin gadi ne. Ka kawo duk wata takarda da ta nuna ka nemi izini.

Korar irin wannan tana iya zama wariyar addini, wadda ƙara ce dabam a EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, mai wa'adin kwana 180, ko 300 a jihohi irin su New York. Kada ka jira a gama maganar kuɗin rashin aiki kafin ka shigar da ita.

Waɗanne takardu zan tara?

Takardar kora, duk gargaɗin da aka taɓa ba ka, littafin ƙa'idojin ma'aikata, jadawalin aiki, takardun albashi, saƙonnin waya da imel, takardun likita, da duk wata takardar yabo ko ƙarin albashi, musamman ta kusa da lokacin korar. Hoton saƙo ya nuna rana da lokaci da sunan wanda aka tura wa. Kana da haƙƙin duba fayil ɗin ƙararka kafin zama, kuma ka duba, domin a nan za ka ga ainihin abin da kamfani ya faɗa, har da abin da aka rubuta cewa kai ka faɗa a waya.

Abin da ke hannun kamfani, kamar bidiyon kyamara ko rajistar katin shiga, za ka iya roƙon alƙali ya ba da sammaci a kawo. Ka nema da wuri, domin na'urori da yawa suna goge bidiyo bayan 'yan makonni. Kada ka kwashi bayanan marasa lafiya ko na kwastomomi don kare kanka. Masu kula da tsofaffi su kiyaye wannan sosai, domin yana iya zama sabon laifi da ya fi na farko.

Shaida ɗaya da ya gani da ido ya fi wasiƙu biyar na abokai masu cewa kai mutumin kirki ne.

Yaya zaman yake gudana?

Yawanci ta waya ne ko bidiyo, kuma ana ɗaukar murya. Alƙali zai faɗi batun da ake sauraro, ya rantsar da kowa, ya shigar da takardu. Shi da kansa yake yin mafi yawan tambayoyi. Kowane ɓangare zai ba da bayani, ɗayan ya yi masa tambayoyi, a ƙarshe a ba kowa ɗan lokaci ya rufe. Sau da yawa ba ya wuce awa ɗaya. Ba a faɗin hukunci a wurin, a rubuce yake zuwa.

Takardar gayyata za ta faɗi yadda ake aika hujjoji da lokacin da za a aika, kuma yawanci sai ka ba ɗaya ɓangaren kwafi. Ka caja waya, ka cire abin da ke toshe baƙuwar lamba, ka zauna wuri shiru. Kada ka yi zaman kana tuƙi. Idan ka rasa zaman kuma kai ka ɗaukaka ƙara, za a kore ta, sai ka nemi a sake buɗewa da dalili mai ƙarfi. Idan kamfani ne bai zo ba, zama na ci gaba, amma kada ka saki jiki, domin shi ma yana iya neman a sake buɗewa.

Turancina na aiki ne, ba na kotu ba. Za a ba ni tafinta?

Za a ba ka, kyauta. Ka nema tun a takardar ɗaukaka ƙara, kada ka bari sai ranar. Mutum yana iya shekara goma yana aiki da Turanci amma tambaya mai lanƙwasa ta kayar da shi, kuma "yes" ɗin ladabi da muke yi don nuna muna sauraro, a faifai amincewa ce.

Hausa kuma ba ɗaya ba ce. Tafinta ɗan Zango daga Accra da mai ƙara daga Maraɗi za su iya saɓawa a kan kwanan wata, lokaci da kalmomin aiki, ɗaya yana sako Turanci, ɗaya Faransanci. Idan ka ji ba a fassara abin da ka faɗa daidai ba, ka gaya wa alƙali nan take don ya shiga faifai. Bayan an yanke hukunci, kukan tafinta ba ya tasiri idan ba ka yi shi a lokacin ba. Yi magana gajere-gajere, ka tsaya ya fassara.

Waɗanne kalamai ne suke kayar da mutum?

Na farko ban haƙuri. A tarbiyyarmu, idan babba ya yi fushi sai a ce "na yi kuskure, a yi haƙuri" ko da ba a yi komai ba, don a kashe wutar. A fayil wannan amsa laifi ce. Idan ka riga ka tura irin wannan saƙo ga manaja, ka bayyana wa alƙali abin da kake nufi da shi, da ainihin abin da ya faru. Haka sa hannu a takardar gargaɗi: ka faɗa idan an ce maka sa hannun na nuna ka karɓa ne kawai.

Na biyu "kowa ma yana yi". In ka faɗe shi haka kawai, ka amsa cewa ka yi. Yana amfani ne idan za ka nuna manaja ya sani ya ƙyale, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi. Na uku zagin manaja da tone-tonen tsohuwar gaba, wanda ke cinye lokacin da ya kamata ka yi bayanin ranar ƙarshe. Na huɗu cika baki da "ban taɓa makara ba" alhali rajista za ta nuna sau biyu. Ƙarya ƙarama ɗaya tana zubar da sauran gaskiyarka. Idan ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba.

An ce in rubuta takardar ajiye aiki ko a kore ni, na rubuta. Na cuci kaina?

Ba lallai ba. A jihohi da yawa, idan korar ta riga ta tabbata kuma zaɓin suna kawai aka ba ka, ana ɗaukarta kora, nauyin hujja ya zauna a kan kamfani. Ka faɗi wanda ya ce maka haka, a ina, da wane lafazi. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya ji ƙishin-ƙishin za a kore shi ya riga su tafiya. Wannan ajiye aiki ne da son rai.

Ni direban Uber ne, an rufe mini asusu. Wannan ya shafe ni?

A New York yana iya shafarka. A 2018 Hukumar Ɗaukaka Ƙara ta jihar ta yanke cewa wasu direbobin Uber ma'aikata ne ta fuskar kuɗin rashin aiki, a 2020 kuma kotun da ta fi kowace girma a jihar ta yanke irin haka kan wani mai kai saƙo na Postmates. Don an ba ka fom ɗin haraji na 1099, na mai zaman kansa, maimakon W-2, na ma'aikaci, bai yanke magana ba, abin dubawa shi ne iyakar ikon da kamfani ke da shi a kan aikinka. A wasu jihohi lamarin ya sha bamban.

Sai na ɗauki lauya?

Ba dole ba ne, an tsara zaman don mutum ya iya tsayawa da kansa. Amma idan ana zarginka da sata, duka, ko cutar da wanda kake jinya, ka nemi lauya kafin ka buɗe baki, domin abin da ka faɗa bisa rantsuwa ana iya amfani da shi a shari'ar laifi ko a hukumar da ke riƙe da lasisinka. A birnin New York akwai taimako kyauta a Legal Aid Society da Legal Services NYC, da Unemployment Action Center inda ɗaliban lauya ke wakiltar masu ƙara. A jihar, wakili ba ya karɓar kuɗi sai ka yi nasara kuma Hukumar ta amince da adadin. Ka yi hattara da masu cika fom a unguwa da ke neman kuɗi tun gaba. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ya sanar da wakilinsa, domin ƙorafin ƙungiya hanya ce dabam mai nata wa'adin.

Ɗaukaka ƙara zai taɓa takardun zamana?

Kuɗin rashin aiki inshora ce da aikinka ya samar, kuma ƙa'idar shige da fice ta 2022 ba ta lissafa shi cikin tallafin da ke sa a ce mutum ya zama nauyi ga gwamnati ba. Irin waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa da sauyin gwamnati, don haka mai jiran katin zama ya tambayi lauyansa. Sharaɗin da ba ya sauyawa shi ne izinin aiki: dole ya kasance kana da shi lokacin da ka yi aikin da kuma lokacin da kake karɓa, kuma ana tantancewa. Wanda ya yi aiki da takardun wani kada ya nema ko kaɗan.

Zan iya tafiya gida ko Umara kafin a gama?

Za ka iya, amma makonnin da kake waje ba na biya ba ne, domin ba ka cikin shirin karɓar aiki. New York ba ta yarda a yi rajista daga wajen Amurka, Kanada, Puerto Rico da tsibiran Virgin ba, kuma na'urarsu tana gane inda aka shiga. Ba wa ɗan'uwa lambar sirri ya riƙa yi maka rajista zamba ce. Hukuncinta mayar da kuɗin, tarar aƙalla kashi 15 cikin 100, da asarar wasu kwanakin biya a gaba. Ka sanar da ma'aikatar kafin ka tafi, idan kuma ranar zama ta faɗa cikin tafiyar, ka nemi a ɗage a rubuce.

Na yi nasara, amma kamfani ya ɗaukaka ƙara. Za a tsayar da kuɗin?

Ba za a tsayar ba. Tun 1971, a shari'ar Java, Kotun Ƙoli ta ce da zarar an yanke mutum ya cancanta a ci gaba da biyansa ko da kamfani ya ɗaukaka. Idan daga baya aka juya hukuncin, wasu jihohi za su nemi a mayar, wasu suna yafewa ga wanda ba shi da laifi. New York ba ta cika neman kuɗin da aka karɓa da zuciya ɗaya ba, sai in an samu bayanin ƙarya a abin da mutum ya cika. Shi ya sa rubuta "aiki ne ya ƙare" alhali kora aka yi yake da haɗari tun ranar farko. Kuɗin kuma ana biya musu haraji, fom 1099-G zai zo maka a farkon shekara.

Idan alƙali ya ba kamfani gaskiya fa?

Akwai mataki na gaba. A New York kwana 20 ne zuwa Hukumar Ɗaukaka Ƙara, a Kalifoniya 30, a Texas 14. A wannan mataki yawanci ba a sake zama, faifai da takardun zaman farko ake dubawa, kuma ba a cika karɓar sabuwar hujja ba sai da dalilin da ya hana kawo ta tun farko. Ka nemi rubutaccen abin da aka faɗa a zaman, ka nuna shafi da layi inda hukuncin ya saɓa da shaida, ko inda aka hana ka yin tambaya ko kiran shaidarka. Bayan Hukumar, a New York sai kotun ɗaukaka ƙara da ke Albany, cikin kwana 30, kuma ita ba ta sake auna wa ya fi gaskiya, tana duba ne ko hukuncin na da madogara a shaidar da aka bayar.

Hanin kuma ba na har abada ba ne. A New York yana ɗagawa idan ka sake samun aiki ka tara albashin da ya kai ninki 10 na kuɗinka na mako, wato mai dala 400 a mako sai ya samu dala 4,000, sannan aikin ya rabu da shi ba da laifinsa ba. Sai dai albashin da ka samu a kamfanin da ya kore ka da laifi ba zai shiga lissafin sabuwar buƙata ba. A Texas aikin mako 6 ne, ko albashi ninki 6. Wanda laifinsa ya kai babban laifi na kotu, aka same shi da shi ko ya amsa a rubuce, New York tana hana shi wata 12 daga ranar da ya bar aikin.